Abin Da Ya Tsira Ranar Da Kwamfutata Ta Mutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana a kan wani al'amari da na lura ba a cika tattauna shi da Hausa ba, alhali kuwa da wuya a sami gidan ma'aikaci ko ɗalibi ko ɗan kasuwa da bai taɓa ɗanɗana ɗacinsa ba. Al'amarin shi ne salwantar abubuwan da muke ajiyewa a cikin kwamfuta da waya, da kuma yadda mutum zai tanadi kwafin ko-ta-kwana tun kafin ranar ta zo. Zan haɗa maganar da gudun motsa jiki, kuma na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, amma ina roƙon a yi mini haƙuri a bi ni a hankali, domin a wurina abu ɗaya ne ya haɗa su, kuma sai da na yi asara sannan na gane shi.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Kaduna. Shekara shida da suka wuce likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya rubuta mini magani, sannan ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi. Ya ambata mini shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko kuma minti 75 na mai ƙarfi. Na fara da tafiyar ƙasa bayan sallar Asuba, daga nan na koma sassarfa, har na kai ga shiga cikin masu fitowa Dandalin Murtala da safiyar Asabar, inda za ka tarar da sojoji da ma'aikatan banki da dattawan da suka yi ritaya da matasa 'yan ƙwallo, kowa yana nishi iya ƙarfinsa. Wani abokin gudu ne ya sanya mini manhaja a waya, wadda take auna nisan da na yi da lokacin da na ɗauka, ta kuma zana hanyar da na bi a kan taswira. Ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Ina danna ta idan zan tashi, in sake dannawa idan na tsaya, shi ke nan.

Wata ranar Laraba a makon ƙarshe na zangon karatu, ina tsakiyar shigar da makin ɗalibai, sai kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta daskare. Na kashe ta na sake kunnawa, sai na ji wani ɗan sauti daga cikinta, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango da batirinsa ya yi sanyi, allon kuma ya tsaya baƙi ƙirin da ɗan rubutu a kusurwa. Washegari na kai ta wurin mai gyara. Ya kwance bayanta, ya zaro faifan ajiyar, ya jona shi da wata kwamfutar, ya kara shi a kunnensa kamar mai sauraron ƙwai ko ya lalace, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wannan kam sai haƙuri. Kana da kwafi a wani wuri?" Na amsa masa da ƙarfin gwiwa cewa ina da shi, domin kuwa ina da faifan waje, wato ma'ajiyar da ake jona wa kwamfuta da igiya, wanda na saya da kuɗi masu kauri, yana nan a cikin durowa. Da na koma gida na jona shi, sai na tarar rabon da in kwafa wani abu a cikinsa shekara ɗaya da wata biyu ke nan.

Makin ɗalibai na sake tattara shi daga takardu, ko da yake sai da na kwana uku ban yi barcin kirki ba. Tambayoyin jarrabawa da na tsara a wannan shekarar sun tafi, hotunan sunan autarmu sun tafi, amma duk waɗannan masu sauƙi ne. Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Wata rana da daddare na ajiye waya a gabansa, ya yi kusan minti arba'in yana ba mu labarin asalin gidanmu, da yadda kakansa ya baro ƙauye ya zo Zariya neman karatu, da sunayen 'yan uwan da zumunci ya yanke da su. Na kwashe muryar daga waya zuwa kwamfuta domin wai ta fi tsaro a can, na goge ta daga wayar saboda wuri ya cika, na kuma bar ta a kan allon farko na kwamfutar da niyyar zan mayar da ita faifan waje idan na sami sarari. Sararin bai samu ba sai bayan da faifan kwamfutar ya mutu, shi kuma mai muryar ya riga ya rasu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan kwana biyu da wannan asara, na buɗe manhajar gudun nan a waya, sai na ga komai yana nan daram: gudun farko da na yi na kilomita biyu ina haki kamar zan faɗi, da ranar da na fara cika kilomita goma, da safiyar hunturun da na fita cikin hazo, babu ko ɗaya da ya ɓace, duk da cewa a tsakanin waɗannan shekaru na canja waya har sau biyu. Abin da ya fi komai rashin daraja a cikin bayanaina shi ne ya fi komai samun tsaro, abin da ya fi komai daraja kuma shi ne na bari a wuri ɗaya tak. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayanan gudun ba su taɓa jiran in tuna da su ba, domin duk lokacin da na danna tsayawa manhajar tana tura kwafi zuwa rumbun kamfanin da kanta. Muryar mahaifina kuwa ta dogara ne a kan niyyata, kuma niyyar ɗan Adam, kamar yadda duk wanda ya taɓa cewa zai fara motsa jiki ranar Litinin ya sani, ba abin jingina ba ce.

Saboda haka ra'ayina shi ne, matsalarmu ba ta rashin kayan aiki ba ce kamar yadda muke yawan faɗa. Mutane da yawa sun sayi faifan waje ko filashi, kamar yadda mutane da yawa suka sayi takalmin gudu mai tsada yana nan ƙarƙashin gado ƙura ta rufe shi. Sayen takalmi bai taɓa sauke wa kowa jini ba, haka nan sayen faifai bai taɓa tsare wa kowa fayil ba. Abin da yake aiki shi ne a ɗaura abin a kan rana sananniya da lokaci sananne, ko kuma a miƙa shi ga na'ura ta riƙa yi ba tare da ta nemi izini ba. Akwai hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Malamai sun fi ni sanin fagen da aka yi maganar, amma ban ga laifi ba idan mutum ya ari wannan tarbiyya ya kai ta ga lafiyar jikinsa da amanar da ke cikin kwamfutarsa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da yake riƙe da shi a hannu. Faifan ajiya irin na da, wanda har yanzu shi ne a cikin yawancin kwamfutocin gwanjo da muke saye, faranti ne da yake juyawa sau 5,400 ko 7,200 a cikin minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da yake shawagi a samansa a tazarar da ta fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Idan kwamfutar ta faɗi tana kunne, ko aka yi ta jijjiga ta a bayan babur, ko wuta ta yi ta zuwa tana ɗaukewa, ko zafi ya yi mata yawa saboda ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska, to wannan hannun yana iya gogar farantin, kuma sautin da na ji a ranar Larabar nan ke nan. Sabon samfurin da ake kira SSD ba shi da abin da yake juyawa, ya fi sauri kuma ya fi jure jijjiga, amma shi kuma idan zai mutu sau da yawa ba ya sallama, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Masu gudu sun san cewa ana shawartar a sauya takalmi bayan kimanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa yana ƙyalli, domin tafin ne yake mutuwa daga ciki, gwiwa ce kuma take biyan bashin. Faifai ma haka yake tsufa ba tare da ya nuna a fuska ba, kuma garantin da masu ƙera shi suke bayarwa ga na gida galibi shekara biyu ne zuwa uku.

Masana wannan fanni suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da suke kira 3-2-1, wadda wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya yayata. Ma'anarta ita ce duk abin da ba ka son rasawa ya kasance kana da shi sau uku, a kan ma'ajiya iri biyu daban-daban, ɗaya daga cikin kwafin kuma ya kasance ba a gidan da sauran suke ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda muka fi sakaci da shi, kuma shi ne wanda rayuwarmu ta fi buƙata. Ɓarawon da ya ɗauki jakar kwamfuta ya haɗa har da faifan wajen da ke aljihun jakar. Gobarar da ta cinye Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko Kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023, ba ta tsaya tantance littafin bashi da kwafinsa ba idan duka suna cikin shago ɗaya. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta shiga gidajen Maiduguri da ofisoshinta a dare ɗaya. Kada kuma a ɗauka wannan matsalar talaka ce kawai: a watan Maris na 2021 gobara ta ƙone ɗaya daga cikin rumbunan bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma abokan hulɗar da suka ajiye kwafinsu a harabar da asalin yake sun rasa duka biyun.

Ga yadda na tsara nawa, ba don shi ne mafi kyau ba, sai don ya shekara biyu yana tafiya ba tare da ya yanke ba. Kowace Asabar, bayan na dawo daga masallaci kafin in ɗaura igiyar takalmi, ina kunna kwamfuta in jona mata faifan waje. Windows yana da wani tsari a cikinsa mai suna File History, masu kwamfutar Mac ta kamfanin Apple kuma suna da Time Machine, kuma dukansu da zarar an saita su sau ɗaya, suna gane faifan su kwashe abin da ya canja kaɗai tun daga kwafin baya. Ina fita in yi guduna na awa ɗaya da 'yan mintuna, kafin in dawo in yi wanka aikin ya gama, sai in cire faifan in mayar da shi durowa. Cire shi ɗin yana da dalili, domin faifan da yake jone dare da rana yana cikin haɗari ɗaya da kwamfutar, ko daga wutar da ta zo da ƙarfi, ko daga muguwar manhajar nan ta masu garkuwa da bayanai, wadda take kulle duk fayil ɗin da ta iya kaiwa gare shi sannan a nemi kuɗin fansa. Irinta ce mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150 a watan Mayu na 2017, har ta durƙusar da aiki a asibitocin Ingila da dama.

Asabar ɗin farko ta kowane wata kuma hanyar guduna takan canja. Ina da ƙaramin SSD wanda bai kai girman akwatin ashana biyu ba, ina sanya shi a 'yar jakar ƙugu tare da makullin gida, in bi ta unguwar da yayana yake, kimanin kilomita biyar daga gidana. Ina miƙa wa matarsa wanda na zo da shi, ta ba ni na watan jiya daga cikin kwabarta, ta kuma ba ni ruwa tana yi mini tsiya cewa ban da aikin yi, sannan in juyo. Da faifai mai juyawa ne da ban yi gudu da shi ba, saboda jijjigar da na ambata. Na kuma kulle shi da kalmar sirri ta hanyar wata manhaja ta kyauta mai suna VeraCrypt, ba don ina zargin gidan yayana ba, sai don akwai sakamakon 'ya'yan mutane a ciki, kuma abin da ke aljihun mai gudu yana iya faɗuwa a hanya. Wannan zuwa na wata-wata ya gyara zumuncin da a da sai Sallah-Sallah, amma wannan wata maganar ce.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, tunda akwai rumbun intanet, kuma ni da bakina na ce shi ne ya tsare mini bayanan gudu. Gaskiya ne, kuma ina amfani da shi, amma ina so a san iyakarsa. Abin da ake kira rumbun intanet kwamfutar wani ce a wata ƙasa, kuma mai ita yana iya shiga matsala ko ya canja ra'ayi. Masu gudu sun ga wannan da idonsu sau biyu a shekara ɗaya. A ranar 23 ga Yuli, 2020, masu garkuwa da bayanai suka kai wa kamfanin Garmin hari, wanda agogunansa suke hannun miliyoyin masu gudu da masu tseren keke a duniya, aka yi kwanaki ba mai iya tura gudunsa ko ya duba tarihinsa a manhajar kamfanin. Abin da ya taimaki mutane shi ne agogon kansa yana riƙe da kwafi, don haka da aka gyara sai bayanan suka hau. A ƙarshen wannan shekarar kuma kamfanin Under Armour ya rufe manhajar Endomondo, wadda mutane suka yi shekaru suna tara tarihin motsa jikinsu a cikinta, aka ba su wa'adi su kwashe kayansu kafin a share. A wajen fagen gudu ma, a 2019 dandalin Myspace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora na tsawon shekara goma sha biyu a lokacin da yake sauya rumbu. Tun da na san haka, sau biyu a shekara nake sauke tarihin guduna daga manhajar a matsayin fayilolin GPX, waɗanda kusan kowace manhajar gudu take iya karantawa, in zuba su a faifan waje. Ba su da wani nauyi. Shi kansa Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42.195 a cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana, babban birnin Ostiriya, a watan Oktoba na 2019, an san shi da rubuta atisayensa da hannu a cikin littafi, duk da na'urorin da aka kewaye shi da su.

Akwai kuma wasu 'yan ramuka a cikin rumbun intanet da mutanenmu suke yawan faɗawa. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma wannan wuri na haɗaka ne tsakanin imel na Gmail da ma'ajiyar fayiloli ta Drive da ta hotuna ta Photos, kuma tun 1 ga Yuni, 2021 hotuna suka daina hawa kyauta ba iyaka, daga baya ma kwafin WhatsApp na wayoyin Android ya shiga cikin lissafin. Apple da Microsoft kuwa gigabait 5 suke bayarwa. Idan wurin ya cika, kwafi yana tsayawa shiru, mai waya kuma yana nan yana zaton komai yana hawa. Na biyu, daidaita fayiloli tsakanin kwamfuta da rumbu ba daidai yake da ajiye kwafi ba, domin idan ka goge abu a nan zai goge a can, kuma kwandon shara na Drive kwana 30 kawai yake riƙe abin da aka jefa masa. Na uku, kuma wannan ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, da yawa daga cikinmu mai shagon waya ne ya buɗe mana adireshin imel ranar da muka sayi wayar, ba mu san kalmar sirrin ba, lambar da aka jona da shi kuma ta daɗe da ɓata, wataƙila ma kamfanin layi ya sake sayar da ita ga wani. Irin wannan mutum yana da rumbu cike da kaya amma makullin yana hannun da bai sani ba. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma da mutum zai iya shiga da su idan wayarsa ta ɓace. A rubuta su a takarda a ajiye tare da takardun fili da na makaranta. A kuma sani cewa tun daga Disamba na 2023 kamfanin ya ce yana iya share asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba, abin da ya kamata iyalan mamata su lura da shi.

Tunda na ambaci taswirar gudu, bari in ja kunnen 'yan uwana masu fita da asuba a taƙaice. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin da mutane suke bi tana fallasa sansanonin soja a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. Wanda yake fara gudu daga ƙofar gidansa a lokaci ɗaya kullum, ya kuma bar taswirar a buɗe ga kowa, ya sanar da duniya inda yake kwana da lokacin da ba ya gida. A halin da muke ciki wannan ba ƙaramin ganganci ba ne, kuma manhajojin suna da wurin ɓoye farkon hanya da ƙarshenta.

Abu na gaba shi ne gwaji, kuma a nan ne na ga har waɗanda suke ganin sun ƙware suna tuntuɓe. Babu mai hankalin da zai shiga gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda ake yi tun 2016, ba tare da ya taɓa gwada dogon zango a gida ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Amma sai ka ga mutum ya shekara yana kwafe fayiloli bai taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin kwafin ya ga ko yana aiki ba. Wani abokin aikina ya sayi filashi mai arha a bakin titi wanda aka rubuta masa gigabait 64, ya zuba kundin digirinsa na biyu da duk abin da ya tattara na bincike a ciki, kwamfuta kuma ta nuna masa sunayen fayilolin reras. Ranar da ya buƙace su sai ya tarar yawancinsu fanko ne, domin filashin na jabu ne, ainihin cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba, yana karɓar sabo yana taka tsoho. Araha ba ta ado. Maganin wannan shi ne, duk sabon filashi ko katin waya a cika shi taf da manyan fayiloli tun ranar farko, a cire, a sake jonawa, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ni kuma duk wata uku nakan zaɓi fayil uku daga faifan waje ba tare da tsari ba, in buɗe su a kwamfutar makaranta, in tabbatar hoton hoto ne, muryar kuma tana fita.

Na san za a kawo maganar kuɗi, kuma ba zan raina ta ba, domin na san abin da albashin malami yake iya saye a yau, na kuma san yadda data take ƙarewa kamar ana zuƙe ta. Sai dai idan mutum ya zauna ya tace, zai ga abin da ba zai iya maye gurbinsa ba kaɗan ne ƙwarai. Finafinai da wa'azozi da waƙoƙin da suka cika mana faifai ana iya sake samun su a wurin masu turawa a kasuwa. Abin da ba ya dawowa shi ne hoton takardun shaidar karatu da na haihuwa da na fili, da littafin bashi, da aikin da mutum ya rubuta da hannunsa, da hotuna da muryoyin iyali. Hoton waya guda ɗaya yakan ci megabait uku zuwa biyar, takardar rubutu kuwa sau da yawa ba ta kai ko ɗaya ba, saboda haka filashi biyu na gaske da gurbin kyauta na intanet sun ishi yawancin gidaje. Wanda ya ce sai ya sayi babban faifai sannan zai fara, ɗan uwan wanda ya ce sai ya sayi agogon gudu ne sannan zai fito fili. Ni da silifas na yi makon farko na tafiyar asuba. Wanda kuma ya ce ai komai ƙaddara ce, na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma ina tuna masa cewa wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkalin.

Ina da roƙo gare ka, ya Edita. Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara an ware ta a duniya tun 2011 domin tunatar da mutane ajiye kwafin bayanansu. Ina ganin zai yi amfani idan wannan jarida ta ba da ko da rabin shafi a makon da ranar ta faɗo, a sami wani masani ya nuna da hotuna, cikin Hausa, inda ake dannawa a waya da kwamfuta, domin da yawa daga cikin iyayenmu da 'yan kasuwarmu ba ƙyuya ce ta hana su ba, bayanin ne bai taɓa zuwa musu da harshen da suke ji ba. Haka nan ina kira ga malaman jami'o'i da kwalejoji masu duba kundin ɗalibai da su riƙa tambayar ɗalibi inda kwafinsa na biyu yake tun ranar da aka amince da taken bincikensa, ga masu gyaran kwamfuta da waya kuma da su daina goge na'urar mutum kafin su tambaye shi abin da ke ciki.

Game da muryar mahaifina, bayan kusan wata takwas ina ba ƙanwata labarin a wurin wani biki, sai ta ce ai kamar na taɓa tura mata wani guntu ta WhatsApp a daren da aka ɗauka. Muka zauna a bakin tabarma muna ta ja da baya a cikin tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi, har muka same shi. Minti huɗu ne da daƙiƙa goma sha ɗaya daga cikin minti arba'in, daidai wurin da yake lissafa sunayen 'ya'yan kakansa, ana jin tarinsa da ƙarar cokali a kofin shayi. A daren na tura shi ga duk 'yan uwanmu bakwai, na sanya shi a faifan durowa, Asabar ɗin da ta biyo baya kuma na kai shi gidan yayana a cikin jakar ƙugu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai karanta ku,
Kaduna.